Baƙunta a Ƙasar Sin: Neman Hanya da Neman Abinci

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗan kasuwa a Wuse, ya gabatar a taronmu na wata-wata.)

 

Shugaba ya ce in ɗan yi bayani saboda matasanmu masu shirin zuwa sarin kaya ƙasar Sin. To, ni ba malami ba ne, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Kafin in kai ku can, mu tuna da nan gida. Da yawanmu mun zo Abuja ne wajajen 1991, lokacin da gwamnati ta taso daga Legas. Wane ne a cikinmu bai ɓata ba tsakanin Eriya Wan da Eriya Ten? Wa ya saba da miyar agushi ko amala kafin ya zo? Amma muka yi tambaya, muka zauna da Gbagyi da Ibo da Yarbawa, har gari ya zama namu. Wannan ilimin shi ne guzurin da za ka tafi da shi.

Ni daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na tashi, muka yada zango a Addis Ababa, sannan muka sauka Guangzhou. Agogonsu ya riga namu da awa 7, don haka daren farko idona biyu har asuba. Na sauka a unguwar Xiaobei, ana faɗinta kamar Shawbe, inda baƙi 'yan Afirka da Larabawa suke taruwa.

Kwana na biyu na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai. Da zan dawo na fita ta wata ƙofa daban, sai na ga kamar an sauya garin. Na ciro waya, ashe Google da WhatsApp duk a toshe suke a ƙasar, WeChat suke amfani da shi. Na faɗi sunan masaukina da Turanci, kowa sai ya girgiza kai. Wallahi jama'a, da gemuna na yi ta zagaye kamar ɗan yaye har bayan isha'i. Abin da ya cece ni ɗan katin masaukin ne da na jefa a aljihu ba da niyya ba. Na miƙa wa mai tasi, ya karanta rubutun Sinanci, ya kai ni har ƙofa. Hausawa sun yi gaskiya, baƙo ko da ido makaho ne.

Saboda haka, kada ka fita sai da adireshinka a rubuce da harshensu. Ka lura da harafin ƙofar da ka shiga tasha, don kowace ƙofa da titin da take fita. Fasfo kuma ya zauna a jikinka, kuma kada ka bari bizarka ta ƙare kana can, ba su wasa da wannan.

To, sai batun ciki. Kwana uku na yi a kan biskit da shayi, don an tsorata ni tun daga gida. Tsoron yana da dalili: naman alade shi ne babban namansu, wani lokaci ko ganye za a soya da kitsensa ake yi. Amma da yunwa ba a ciniki. Ranar na biya wasu kaya kuɗin da ya wuce ƙima, saboda kaina na juyawa, so nake kawai in koma in kwanta.

Wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi ne ya ja hannuna zuwa shagon Musulmin ƙasar, ƙabilar Hui, masu farar hula. Ya nuna mini haruffa biyu a kan ƙofa, ana karanta su "cingjan", ma'ana halal. Ku sa a turo muku hotonsu ku haddace, domin a garuruwa da yawa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna. A nan na ci taliyar Lanzhou. A gabanka yaro zai ja ƙullin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ta zama siriri, a zuba ta cikin romon naman sa da man barkono. Aka ba ni tsinke biyu in ci da su. Taliya ta zame, romo ya fantsama a babbar rigata, mai shago na dariya ni ma ina yi. Daga baya ya kawo cokali mai yatsu. Akwai kuma shagunan 'yan Uighur, masu tsiren rago da gurasa, kai ka ce a Kano kake in ban da ƙamshin kayan haɗinsu.

Ruwan zafi suke ba baƙo, ku karɓa, ya fi na famfo aminci. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su gida, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga.

Ku nemi masallacin Huaisheng, yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Mutanen wurin suna danganta shi da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Madina aka binne shi. A bakin masallaci za ka sami mai nuna maka hanya da inda za ka ci ka ƙoshi.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, duk wanda ya je ya dawo ya bar wa sakatare adireshin masauki da shagunan halal da ya gwada, mai tafiya ya zo ya kwafa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su da alheri.