Abin Da Hoton Zuciya Ya Koya Mana

Yau maganarmu a kan zuciya ce.

Zuciya tsoka ce, tana kuwa da nata jijiyoyi masu kai mata jini. In kitse ya taru cikinsu sai su tsuke, kamar yadda yashi ke cike hanyar ruwa a lambu. Sa'an nan mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu ko ya yi sauri, in ya huta abin ya lafa.

In likita ya zaci haka, akwai wani irin hoto da a kan ɗauka. A kan sa mutum tafiya bisa na'ura har ya gaji, a yi masa allura a jijiya, sa'an nan hoton ya nuna sashen zuciyar da jini ba ya isa sosai.

To, ga abin lura. A asibitin Cedars-Sinai na birnin Los Angeles a Amurka, likitoci sun duba hotunan mutum fiye da 39,000. A 1991, wajen mutum 41 cikin 100 aka ga alamar cuta a hotonsu. A 2009 kuwa ba su kai 9 ba. Me ya kawo haka? Wani dalili shi ne an koma aika har waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Amma kuma masu shan taba sun ragu, mutane da yawa kuma sun kama shan maganin hawan jini da na rage kitsen jini.

Watau hoto ba ya warkarwa, nunawa kawai ya ke yi. Abin da ke tsare zuciya kuwa yana hannunku. Hawan jini ya yi yawa a ƙasarmu, sau da yawa kuma ba ya nuna alama. Sabo da haka duk ran da kuka zo ɗakin shan magani, ku ce wa malamin asibiti ya auna muku jini. In an ba ku ƙwaya, kada ku bari don kun ji sauƙi. Ku rage gishiri da dunƙule a miya, ku bar taba.

Amma wanda ciwon ƙirji ya danne shi, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, ga numfashi sama-sama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira gari ya waye. A kai shi babban asibiti nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.