Dutsen Wata: Haskensa Na Aro Ne

 Yau zancenmu a kan wani ɗan dutsen ado ne, ana ce da shi dutsen wata. Fari ne kamar madara. In ka juya shi a hannu, sai ka ga wani haske shuɗi-shuɗi yana yawo a cikinsa, kamar farin wata a bisa ruwan Kwara.

Ana haƙarsa a Indiya da tsibirin Sirilanka, wanda a dā ake kira Silon. Romawan dā sun ce hasken wata ne ya daskare. Wani marubucinsu, Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya ba da labarin dutse mai surar wata a ciki, wai tana ƙaruwa tana raguwa tare da na sama. A Indiya kuwa ana cewa yana kawo sa'a.

To, ina gaskiyar? Ma'adini iri biyu ne suka kwanta a cikinsa falle-falle, sirara ƙwarai, wani bisa wani. Haske yakan shiga daga waje, ya bugi fallayen nan, ya watsu, ya komo idonka. Shi ke nan. Kai shi ɗaki mai duhu, ba za ka ga kome ba. Ko watan kansa haka yake, hasken rana yake ara.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an kawo maka shi a kasuwa, ka lura da abu uku. Na fari, akwai na jabu na gilashi. Ɗaga shi ga rana, in ka ga 'yan kumfa a ciki, gilashi ne. Na biyu, ba shi da tauri sosai. A ma'aunin taurin duwatsu, wanda ya kai 10, shi 6 ne zuwa 6 da rabi, yashi kuwa 7. Yashi yakan karce shi, sai ka naɗe shi a tsumma. Na uku, in mai sayarwa ya ce dutsen zai jawo maka ciniki, tambaye shi don me shi bai riƙe abinsa ba.

Ado ba laifi ba ne. Amma kada ka zuba kuɗin albasarka da shinkafarka a kan sa'ar da dutse ba shi da ita. Arziki Allah ne mai bayarwa, ciniki kuwa mudu na gaskiya ne ke riƙe shi.

Sai wani mako. Ku huta lafiya.