Rundunar Sojin Sama ta Nijar: Sayen Jirgi Daban, Riƙonsa Daban

Alhazai ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, ƴan uwa na Ƙonni, Malbaza da Illela, na gode da kuka halarto.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa da jirgin yaƙi? Amsa ita ce, kuɗin duwan da kuke biya a iyakar Ƙonni da lanhon da ake yankewa daga albashinku suna cikin kuɗin da ake sayensa da su.

An kafa rundunar sojojin Nijar ranar 1 ga watan Agusta 1961, tare da wani ɗan reshe na jiragen sama da Faransa ta taimaka aka girka. Aikinsa na farko jigila ne: kai soji da kaya inda mota ba ta isa da sauri. A 1979 ƙasa ta samu jiragen Hercules C-130 guda biyu. Ɗaya ya faɗi kusa da Yamai a watan Afrilu 1997. Sai a 2003 reshen ya zama runduna mai hafsan hafsoshinta na kanta. Manyan sansanoninta su ne na 101 a Yamai da na 201 a Agadas.

Tashin hankalin Sahel ya sauya mata aiki. A 2013 aka sayo jiragen yaƙi Su-25 biyu, a 2022 kuma jirage marasa matuƙi Bayraktar suka iso daga Turkiyya. Mu ƴan jihar Tawa mun san dalili: a watan Maris 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tiliya, nesa da agaji.

Amma ku masu kamiyo kun fi kowa sanin cewa sayen mota ba shi ne wuya ba. Wuya ita ce bakanike da kayan gyara. Haka jirgi yake. Sojojin Faransa sun fice a 2023, na Amurka a 2024. Nauyin ya dawo kanmu.

Saboda haka, duk ranar da aka sanar da sayen sabon jirgi, mu tambaya: nawa aka saye shi? Wa zai gyara shi? Ƴaƴanmu nawa aka horar? Kaftin Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar a 2015, ta nuna cewa ƙasar nan ba ta rasa masu hazaƙa ba. Mai biyan haraji yana da hakkin a ba shi amsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya.