Horar da Masu Kula da Filayen Wasa na Makarantu

Tun daga shekarar 1976, da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, hankalin hukumomi ya karkata ga gina azuzuwa da horar da malamai. Filin wasa kuwa aka bar wa lebura da laujensa, alhali nan ne yaro yake gudu ba takalmi.

Haɗarin fili yana bin lokutan shekara. Da damina ruwa kan zaizaye ƙasa, ya tono kusoshi da fasassun kwalabe, gafiya ta yi rami inda ƙafa za ta gurɗe. Da kaka tsidau da ƙarangiya su bushe. Da rani ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓe, wanda ya faɗi sai ya ɗaye. Gara kuma tana cin gindin turakun gola ta ciki, ga sandar sama mai tsawon mita 7.32 tana jiran yaron da zai yi lilo da ita.

Saboda haka lalle ne kwas ɗin da ake yi wa hedimastoci da malaman wasanni ya fita daga aji, a sa su taka filin da ƙafa, su girgiza turaku, su koyi dasa ƙiri-ƙiri da farkon damina don ta riƙe ƙasa. A kuma koya musu dokar tsawa, watau da an ji cida a kwashe yara zuwa cikin gini, kada a koma sai minti 30 bayan ta ƙarshe. Leburan nan ma, wanda ya fi kowa sanin ramukan, a ba shi kujera a kwas ɗin.