Hannun da ke rage na'urar numfashi

A sashen masu matsanancin ciwo likita ne ke sa hannu a takarda, amma sau da yawa nas ce ke tsaye bakin gado lokacin da ake rage na'urar numfashi. Ita dangi ke tambaya: "Sista, kashe shi za ku yi?"

Wani ɓangaren tambayar yana da amsa. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci kuma suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halatta a cire na'ura ko da zuciya na bugawa.

Tambaya mai wuyar ita ce ta wanda bai mutu ba, bai kuma farfaɗo ba. Misali, wani mai suna Tony Bland ya ji ciwo a turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila, a 1989. Yana numfashi da kansa, amma bai san inda yake ba. Kusan shekara huɗu ana juya shi, ana wanke shi. A 1993 kotun ƙolin ƙasar ta yarda a daina ciyar da shi ta tiyo, ta raba tsakanin dakatar da jinyar da ba ta da amfani da kuma yin allurar kisa.

Ni dai, kada a bar nas ita kaɗai da wannan nauyi. A rubuta hukuncin, a zauna da dangi, a ci gaba da maganin rage raɗaɗi. Idan kuma kuɗin gado ne ya ƙare, a faɗa musu gaskiya, kada a ce magani ne ya gaza.