Tsayar da Aikin Kwamfuta Daga Nesa



A ce kwamfutar wani asibiti ko makaranta a Batsari ta maƙale, manhaja ɗaya ta cinye mata ƙarfi, ma'aikaci ya danna ya danna shiru. Mai gyara kuwa yana Katsina, kuma hanyar Katsina zuwa Batsari ba kullum ake son binta ba. To, yana iya tsayar da wannan manhaja daga inda yake zaune.

Kowane aiki da ke gudana cikin kwamfuta yana da suna da lamba. Mai gyara zai shiga ta intanet, ta wata amintacciyar ƙofa da ake kira SSH, wadda Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙiro a 1995. Sai ya nemo lambar aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya tura umarni. A kwamfuta mai tsarin Linux sunan umarnin kill, a mai tsarin Windows kuma taskkill. In kwamfutocin suna da yawa, sai ya rubuta jerin umarni sau ɗaya, ya aika wa duka.

A nan nake so masu gyara su saurara da kyau. A Linux, umarnin kill sigina yake aikawa. Akwai mai lamba 15, wadda ke ce wa manhaja ta adana abin da take yi ta rufe da kanta. Akwai mai lamba 9, ita ba ta jira, take yanke take kashewa. In ma'aikaciyar jinya tana tsakiyar shigar da sunayen yaran rigakafi, ka tura 9, wahalar yininta na iya tafiya a banza. Don Allah a fara da 15, a kuma buga wa ma'aikaciyar waya tukuna. Jerin umarnin ma a gwada shi a kwamfuta ɗaya, domin kuskuren suna ɗaya zai iya kashe aikin da ba shi da laifi a ko'ina.

Duk wannan sai da sabis. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ba mai iya shiga daga nesa. Shi ya sa nake roƙon kowane ofis ya koya wa mutum ɗaya yadda zai rufe manhajar da hannunsa.

Kalmar sirrin ƙofar SSH ɗin nan kuma, kada a ba wanda ya kira a waya ya ce daga kamfani yake.