Lakar Ƙarƙashin Teku Da Labarin Daminar Arewa

 

An nemi mu ɗan yi bayani a kan teku. Da yawanmu mun daɗe a nan kudu, amma ba mu ɗauka ruwan nan yana da wata alaƙa da gonakin da muka baro a gida ba. To, yana da ita. Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, wasu ma shi ya koro su kurmi. A 1986 masana yanayi a Ingila suka nuna cewa farin nan yana tafiya da zafin saman teku. Duk lokacin da arewacin Tekun Atlantika ya yi sanyi fiye da yadda aka saba, kudancinsa kuwa ya yi ɗumi, sai iskar damina ta kasa kaiwa Arewa da ƙarfi.

Sai dai kuma auna ruwan teku a kai a kai bai wuce kimanin shekara 170 da farawa ba. Yaya za a san abin da ya faru kafin nan? Amsar tana cikin laka.

A saman teku akwai wasu ƙananan halittu da ake kira foraminifera. Kowace ba ta wuce ƙwayar yashi ba, kuma tana da ɓawo na alli kamar na dodon koɗi. In sun mutu sai ɓawon ya nitse ya kwanta a ƙasa, na bana a kan na bara. Abin a hankali yake taruwa, a wurare da yawa shekara dubu ba ta tara laka tsawon ɗan yatsa. Sai jirgi ya zura dogon bututu ya ciro lakar a jere, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa.

Abin mamakin shi ne ɓawon nan yana riƙe da shaidar ruwan da aka gina shi a ciki. Iskar oksijin tana da mai nauyi da marar nauyi, kuma in ruwa ya yi sanyi ɓawon yakan ɗebi mai nauyin da yawa. Wani Ba'italiye, Cesare Emiliani, shi ya yi amfani da wannan dabara a Jami'ar Chicago a 1955. Amma ba a bar shi haka ba. A 1967 Nicholas Shackleton na Ingila ya nuna cewa yawan ƙanƙarar da ke doron ƙasa ma yana sauya wannan awo. Don haka aka ƙara wasu hanyoyi, kamar auna sinadarin magnisiyam a ɓawon, da kuma wani maiƙo na ƙananan tsiron teku. Mu a ganinmu wannan shi ne kyawun aikin, shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.

To, me lakar ta ce? Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, tekunan ƙasashe masu zafi sun fi na yau sanyi da digiri biyu zuwa uku. Kada ku raina wannan. A zamanin ruwan teku ya ja baya da kusan mita 120, hamada kuma ta gangaro har ƙasar Hausa.

Wata laka da aka haƙo daura da gaɓar Muritaniya ta nuna ƙurar Sahara ta ragu ƙwarai daga kimanin shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, wato lokacin hamadar tana kore. Babban sanadin shi ne sauyin da aka samu a yadda duniya ke zagaya rana, teku kuma ya ƙara wa daminar ƙarfi. A cikin wannan zamani, sa'ad da Tafkin Chadi ke cike maƙil, aka sassaƙa kwalekwalen nan na Dufuna mai shekara wajen 8,000, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a ƙasar da a yau take Jihar Yobe.